Maki Nawa Ke Kai Yaro Ajin Likitanci? Fashin Baƙi Kan Samun Gurbi a Jami'o'in Najeriya

Duk shekara, da zarar hukumar JAMB ta saki sakamako, tambaya ɗaya ce ke zagaya gidaje da zaurukan WhatsApp: "Yarona ya ci 265, zai samu likitanci?" Mai tambayar yana jiran a ce masa e ko a'a. Wanda ya san harkar kuwa sai ya fara jero nasa tambayoyin kafin ya ba da amsa. Wace jami'a yaron ya cike? Ɗan wace jiha ne? Me ya ci a WAEC ko NECO, kuma a zama nawa? Jami'ar tana shirya tata jarabawar ko da takardu kawai take tantancewa? Dalili shi ne, 265 ɗin da za ta shigar da yaro a wata jami'a, a wata ko gaban kwamiti ba za ta kai sunansa ba.

Abin da ke damuna shi ne yawancin iyalai suna shiga wannan neman ido rufe, alhali kusan komai nasa lissafi ne da za a iya zama a yi tun kafin a sayi fom. Abubuwa uku ne ke yanke hukunci: yawan kujerun da jami'ar ke da su, jimillar makin da aka haɗa wa ɗalibi, da kuma layin da jiharsa ta jefa shi a ciki.

Bari mu fara da kujeru, domin su ne tushen wahalar. Jami'a tana iya ɗaukar ɗalibai masu yawa a Tarihi ko Kimiyyar Siyasa idan tana da babban ɗakin lacca. A likitanci hannunta a ɗaure yake. Hukumar kula da aikin likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa, wato MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace kwalejin likitanci adadin ɗaliban da za ta riƙe a aji guda, bayan ta je ta ga gadajen asibitin koyarwarta, da yawan manyan likitocin da za su koyar, da ɗakunan gwaji, da ɗakin da ake koyon sassan jikin mutum. Tsofaffin kwalejoji irin na Ibadan da Legas da Zariya ne ke da kaso mai tsoka. Sababbi kan fara da 50 ko abin da ya yi kusa da haka. Jami'ar da ta ƙetare kasonta tana jawo wa kanta takunkumi, kuma ɗalibanta ne ke kwana a ciki, domin hukumar tana yi wa kowane ɗalibi rajista tun yana makaranta, wanda ba ya cikin rajistar kuwa ba shi da hanyar samun lasisi ko ya gama.

Shekara da shekaru, kujerun likitanci na ƙasar nan gaba ɗaya ba su wuce kimanin 5,000 ba. A 'yan shekarun nan ne gwamnatin tarayya ta sanar da ninka su zuwa wajen 10,000, saboda yadda likitoci ke ficewa zuwa Ingila da Saudiyya da Amurka da Kanada. A 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun da suka gabata. Ƙarin kujerun abin farin ciki ne, amma a dubi ɗaya gefen: masu zana jarabawar JAMB wajen miliyan biyu ne a shekara, kuma akwai shekarar da masu neman kwasa-kwasan lafiya kaɗai suka haura 400,000. Ba duka ne ke neman likitanci ba, akwai masu son aikin jinya da harhaɗa magunguna da gwaje-gwajen asibiti, sai dai kowa ya san inda cincirindon ya fi yawa.

Sai mu dubi jarabawar kanta. Maki 400 ne, darussa huɗu, kowanne 100. Mai neman likitanci zai zana Turanci da Fizis da Kemistiri da Bayoloji, tambayoyi 180 cikin awa biyu a kan kwamfuta. A 2024, cikin sakamako sama da miliyan 1.8 da hukumar ta saki, kimanin kashi 76 cikin 100 ba su kai 200 ba. Waɗanda suka ci 250 zuwa sama dubu saba'in da 'yan kai ne. Waɗanda suka kai 300 kuwa 8,401 ne kacal a faɗin ƙasar. Saboda haka yaron da ya ci 265 ya yi ƙoƙari ƙwarai, ya shiga gaban mafi yawan sa'o'insa, kuma ya cancanci a yaba masa a gida. Matsalarsa ita ce, 'yan ƙalilan ɗin da suka fi shi, da yawansu kujerar da yake nema suke nema.

Akwai ruɗani guda da ya kamata a warware a nan, domin yana sa wa mutane rai a banza. Idan aka ji a rediyo cewa an tsayar da mafi ƙarancin makin shiga jami'a a 140, kamar yadda aka yi a 2024, ko 150 a 2025, wannan ƙasan ƙasa ne, ma'ana kada wata jami'a ta ɗauki wanda bai kai haka ba a kowane kwas. Bayan wannan kowace jami'a tana da nata makin da za ta bari ka sayi fom ɗin tantancewa, wasu 180, wasu 200, kuma sau da yawa akan ɗaga shi ga masu neman likitanci. Shi ma wannan izinin shiga fili ne kawai. Makin da ke da muhimmanci shi ne na uku, wanda ba a saninsa sai an gama: an jera masu nema daga na sama zuwa na ƙasa, an ƙirga kujeru, inda kujeru suka ƙare nan layin ya tsaya. Shi ya sa yake canjawa duk shekara. Ba wani ne ke zama a ofis ya ƙago shi ba, ƙarfin waɗanda suka nema a shekarar ne ke haifar da shi.

Jerawar kuma ba da makin JAMB tsuransa ake yi ba a yawancin jami'o'i. Tun 2005 jami'o'i suka fara shirya tasu jarabawar, wadda aka fi sani da Post-UTME, saboda ƙorafin cewa ana zuwa musu da manyan makuna da ba su dace da abin da ke kan masu su ba. Gwamnati ta soke ta a 2016, ta dawo da ita a 2017. Yanzu kowace jami'a da yadda take haɗa nata lissafin. Ibadan ta daɗe tana raba shi biyu, rabi JAMB, rabi jarabawarta. Jami'ar Legas kuma tana ba JAMB kashi 50, jarabawarta kashi 30, sakamakon sakandare kashi 20. Tsarin Legas ɗin ya fi sauƙin nuna yadda abin ke aiki, don haka bari mu gwada shi.

A tsarin, ana raba makin JAMB da 8. Darussan sakandare biyar kuma kowanne yana da maki 4 idan A1 ne, 3.6 idan B2, 3.2 idan B3, a haka har zuwa C6 mai maki 2. A ɗauka yara biyu ne. Na farko ya ci 300 a JAMB, wato 37.5. Ya samu 18 cikin 30 a jarabawar jami'a. Darussansa biyar duk C4 ne, wato 14. Jimilla 69.5. Ta biyu ta ci 272, wato 34. Ta samu 26 a jarabawar jami'a. Tana da A1 uku da B2 ɗaya da B3 ɗaya, wato 18.8. Jimillarta 78.8. Ya fi ta da maki 28 a JAMB, an yi ta taya shi murna a unguwa, amma a takardar da kwamiti zai duba tana gabansa da fiye da maki tara. Kuma ita ma ba ta tsira ba tukuna, domin a Legas layin cancanta na likitanci, wato na mafiya maki ko daga ina suka fito, yakan kai 80 ko ya haura, na Ibadan ma yakan yi kusa da haka.

A lura da abin da wannan lissafin ke faɗa. Maki takwas na JAMB ne ke zama maki ɗaya. Tazarar da ke tsakanin A1 da C6 a darasi guda daidai take da maki 16 na JAMB. Ke nan yaron da ya yi sakaci da Kemistiri a aji biyar na sakandare, yana cewa kiredit kawai yake nema, ya riga ya zubar da makin da zai zo yana nema da kuka bayan shekara biyu. Iyaye da yawa kan zuba kuɗi a darasin JAMB na wata uku, su bar WAEC ga Allah da makaranta. A ganina wannan juya al'amari ne. Ga kuma sharaɗin da ke kayar da mutane tun kafin a fara lissafi: kiredit biyar a Turanci da Lissafi da Fizis da Kemistiri da Bayoloji, kuma jami'o'i da dama ba sa karɓa a likitanci sai a zama ɗaya aka same su. Wanda ya haɗa WAEC ta bara da NECO ta bana zai iya shiga wani kwas ɗin, amma a irin waɗannan jami'o'i ƙofar likitanci ta rufe masa ko da ya ci 320.

Jami'o'inmu na Arewa, irin su Ahmadu Bello ta Zariya, Bayero ta Kano, Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, Maiduguri da Jos, kowacce da tsarinta, kuma sukan sauya shi. Wata shekara a yi jarabawa a kwamfuta, wata shekara a ce a ɗora takardu kawai a shafin intanet. Idan aka yi tantancewa ba jarabawa, nauyin JAMB da na sakandare sai ya ƙaru, wanda yake fatan ya rama a jarabawar jami'a ya rasa damar. Sanarwar jami'ar ta shekarar da ake ciki ita ce abin riƙo, ba abin da yayan abokinsa ya gani shekara huɗu da suka wuce ba.

Yanzu sai batun layi, wanda shi ne mutane suka fi jahilta kuma suka fi yin faɗa a kansa. A jami'o'in tarayya, ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce a raba gurabe gida uku. Kashi 45 na cancanta zalla, kowa daga ko'ina. Kashi 35 na 'yan jihohin da ke yankin jami'ar. Kashi 20 na jihohin da aka ayyana a matsayin waɗanda aka bari a baya a ilimin boko, su 23, da suka haɗa da dukkan jihohin Arewa 19 da Bayelsa da Ebonyi da Kuros Riba da Ribas. Abin kamar tashar mota ne mai layi uku: motar ɗaya ce, amma kowane layi da adadin kujerun da aka ware masa, kuma wanda ke gabanka a layinka shi ne abokin takararka, ba wanda ke layin gefe ba.

A ɗauka kwaleji tana da kujeru 150. Wajen 67 za su tafi ga mafiya maki ko daga ina suka fito. Wajen 53 za a raba wa jihohin yankin. Sauran 30 a raba wa jihohin da aka bari a baya. Idan aka rarraba waɗannan tsakanin jihohi, sai ka ga jiha mai mutum miliyoyi ta tashi da kujerun da ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Nan ne amsar tambayar da ake yawan yi da ɗaci take, cewa "Wane ya ci ƙasa da ɗana amma an ba shi." Sau da yawa ba cuwa-cuwa aka yi ba, jiharsu ce ba ta da masu nema da yawa a shekarar. Ɗan Kano da ya cike Bayero yana takara ne da dubban 'yan Kano da suka fito daga makarantun kimiyya irin su Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da manyan makarantun kuɗi na cikin birni. Wannan layi ne mai zafi ƙwarai, kuma kasancewarsa ɗan gida ba ta rage masa zafin ba.

Shi ya sa nake ganin ya kamata iyalai su buɗe taswira kafin su cike fom. Yanzu akwai kwalejojin likitanci a jami'o'in jihohi kamar Kaduna da Gombe, akwai a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ta Bauchi da ta tarayya da ke Dutse, ga kuma jami'ar kimiyyar lafiya ta Azare da aka kafa a 2021. Jami'ar jiha takan fifita 'yan jiharta sosai, don haka ɗan jihar da ke da irin wannan kwaleji ya fi kusa da kujera a gida. Haka nan ɗan Arewa mai ƙarfin maki da ya cike jami'ar tarayya a Kudu yana shiga layin kashi 20 ɗin nan, inda 'yan jiharsa masu nema ba su da yawa. Ba kowane uba ne zai iya tura 'yarsa mai shekara 17 Ibadan ko Inugu ba, ga kuɗin mota ga fargabar hanya, wannan gaskiya ce. Amma gara a san zaɓin yana nan a bar shi da gangan, da a rasa shi don ba a sani ba.

Ana sukar wannan rabon, musamman daga Kudu, cewa yana hana mai ƙoƙari haƙƙinsa. Ni dai ina goyon bayansa, domin asibitin ƙauye a Yobe ko Zamfara ya fi samun likitan da zai zauna idan ɗan yankin ne, kuma matan karkara da ke ƙin zuwa awo don babu likita mace ba za su samu sauƙi ba sai 'yan matanmu sun shiga ajin. Sai dai rabon ba ya kai wa ga wanda aka yi shi dominsa kamar yadda ya kamata. Yaron da ya yi makarantar gwamnati a ƙauye, wanda bai taɓa ganin ɗakin gwaji mai kayan aiki ba, bai taɓa kwamfuta ba sai ranar jarabawa, layinsu ɗaya da ɗan jiharsu da ya yi makarantar miliyoyi a Abuja. Takardar shaidar ƙaramar hukuma iri ɗaya gare su, kuma kowa ya san wanda zai ɗauki kujerar.

Akwai ƙananan kurakurai da ke cinye manyan makuna. Kusan babu kwalejin likitanci ta gwamnati da ke duba wanda ya sa ta a zaɓi na biyu. Tun 2017 duk wani gurbi ta manhajar JAMB mai suna CAPS yake bi, kuma wanda bai ɗora sakamakon sakandarensa a can ba, jami'a ba za ta iya gabatar da sunansa ba ko da shi ne na ɗaya. Sunan da ke kan lambar ɗan ƙasa ya dace da na WAEC. Shekaru su kai 16. Haɗin darussa ya zama daidai, domin akwai masu sa Lissafi a madadin Fizis ko Bayoloji a JAMB, su gane kuskuren bayan an gama. Mai shagon intanet da ke cike wa mutum hamsin fom a rana ba zai tsaya ya duba maka waɗannan ba.

To ina matsayin ƙwarewa? Mutane kan tambaya ko aikin sa-kai a asibiti, ko shekarun da mutum ya yi a kemis, ko takardar makarantar koyon aikin lafiya za su ƙara masa maki. A hanyar JAMB ta yau da kullum, amsar ita ce a'a. Fom ɗin ba shi da gurbin rubuta wannan. Ma'aikacin lafiya da ya shekara goma yana karɓar haihuwa a ƙauye, idan ya zana JAMB, da makinsa za a auna shi daidai da yaron da ya gama sakandare jiya.

Masu karanta shawarwari a intanet kan rikice a nan, domin yawancin abin da ake rubutawa game da tsarin Amurka ne, wanda ya bambanta da namu tun daga tushe. A can sai mutum ya gama digirin farko na shekara huɗu kafin ya nemi likitanci. Ana duba matsakaicin makinsa na digiri, wanda ƙololuwarsa 4.0 ce, da jarabawar MCAT mai maki daga 472 zuwa 528. Waɗanda ake ɗauka, matsakaicinsu yakan kasance wajen 3.8 a digiri da 511 ko 512 a jarabawar. Masu nema sama da 50,000 ne a shekara, kuma waɗanda ke samun shiga ba su kai rabi ba. Amma maki kaɗai ba ya shigar da mutum. Ana son a ga ya yi aiki kusa da marasa lafiya, ya bi likita yana kallon aikinsa, ya taɓa bincike, malamai sun rubuta masa wasiƙun shaida, ya rubuta dalilinsa na son aikin, sannan a kira shi a yi hira da shi ido da ido. Mai babban maki da bai taɓa shiga asibiti ba yana iya rasawa, mai matsakaicin maki da dogon tarihin hidima ya samu. A Ingila ma, inda ake shiga daga sakandare kamar mu, akwai jarabawar UCAT da ganawa, kuma ana tambayar ɗalibi abin da ya koya daga kula da mutane.

Wani zai ce tsarinsu ya fi namu hikima, kuma ta wani gefen haka ne, domin amsa tambayoyin Fizis ba ya nuna mutum zai iya gaya wa uwa cewa ɗanta ya rasu. Amma ina tsoron ranar da za a ce wasiƙar shaida da hira su ne za su raba kujerun likitanci a ƙasar nan. Ɗan babban likita ne zai zo da wasiƙa mafi kyau, ɗan manomi ya zo hannu rabbana. Maki, duk da gazawarsa, shi ne abu guda da talaka zai iya nunawa a ce ya fi ɗan wane.

Duk da haka ina ba duk mai wannan buri shawarar ya nemi izini ya yi 'yan makonni yana taimakawa a asibitin garinsu. Ba don maki ba, don ya san abin da yake nema. Ya ji warin ɗakin masu rauni, ya ga layin marasa lafiya da ƙarfe biyun dare, ya ga likita ɗaya a kan ɗakuna uku. Yara da yawa burin iyayensu suke ɗauke da shi, ana kiransu "Dakta" tun suna firamare, ba a taɓa tambayarsu ba. Karatun shekara shida ne idan ba yajin aiki, sai shekarar horo a asibiti, sai hidimar ƙasa, sannan wanda zai ƙware a wani fanni ya ƙara wasu shekaru biyar ko shida.

Inda karatun baya ke da amfani a hukumance shi ne shiga kai tsaye, wato DE, inda ake farawa daga aji biyu. Ana shiga da sakamakon jarabawar share fagen shiga jami'a, wato IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, ko JUPEB, ko kuma da digiri a fannin da ya danganci lafiya, galibi mai daraja ta ɗaya ko ta biyu babba. Hanya ce ta gaskiya, akwai likitoci da yawa da suka bi ta. Amma kujerunta sun fi na JAMB ƙaranci nesa ba kusa ba, domin aji biyu ya riga ya cika da waɗanda suka hauro daga aji ɗaya, kuma kason MDCN bai ƙaru ba. Mai bin IJMB don likitanci sai ya kusa cinye makin gaba ɗaya a Fizis da Kemistiri da Bayoloji.

Wannan ya kawo mu ga maganar da aka fi yaudarar yara da ita: "Karɓi Bayoloji ko Kemistirin da aka ba ka, in ka shiga sai ka canja." Canjin yana faruwa a wasu jami'o'i, ga mutum ɗaya ko biyu da suka fi kowa a aji ɗaya, a shekarar da aka samu kujera ta rage. A wasu kuma an rufe ƙofar gaba ɗaya. Wanda zai karɓi wani kwas ya karɓe shi a kan zai iya gama shi ya yi rayuwa da shi. In ya shiga da zuciya biyu, sau da yawa sai ya rasa duka, bai samu canji ba kuma bai fita da sakamako mai kyau ba. Ko wanda aka ba likitancin ma bai gama tsallakewa ba. Aji ɗaya darussan kimiyya ne, kuma dole ya ci su kafin ya haura. A gaba kuma akwai babbar jarabawar farko ta sassan jiki da aikin gaɓoɓi da sinadaran jiki, wadda ke mayar da wasu gida ko wani sashen bayan an ba su damar maimaitawa.

Idan aka matsa mini in yi ƙiyasi, ga yadda nake kallonsa a jami'o'in gwamnati. Wanda ya haura 300 da sakamakon sakandare mai A da B a zama ɗaya yana da kyakkyawar dama kusan ko'ina, muddin bai faɗi jarabawar jami'a ba. Daga 270 zuwa 300 ne zaɓin jami'a da layin jiha ke yanke hukunci, kuma a nan ne shawara mai kyau ta fi amfani. Daga 240 zuwa 270, sai an dace da jami'ar jiha ko sabuwar kwaleji ko layin da ba cunkoso, tare da ƙoƙari na musamman a tantancewa. Ƙasa da haka, gaskiya ita ce a fara tunanin sake zama ko wani kwas.

Masu hali kan duba jami'o'i masu zaman kansu irin su Nile da Babcock da Afe Babalola da Igbinedion, inda makin shiga ya fi sauƙi amma kuɗin shekara miliyoyin naira ne, har shekara shida. Kafin a biya ko kwabo a duba jerin MDCN, domin amincewar hukumar jami'o'i ta NUC daban, ta MDCN daban, kuma an sha ganin ɗalibai sun maƙale a tsakiyar karatu saboda kwalejinsu ba ta samu izinin wucewa matakin asibiti ba. Wasu kuma kan fita waje, Sudan da Masar da Indiya da gabashin Turai, wasu da kuɗin iyaye, wasu da tallafin gwamnatocin jihohi. Yaƙin Yukren a 2022 da na Sudan a 2023 sun dawo da ɗalibai da yawa gida karatu a rabe, aka yi ta neman inda za a cusa su. Wanda ya gama lafiya ma sai ya ci jarabawar tantancewa ta MDCN kafin ya taɓa mara lafiya a Najeriya, kuma akan faɗi da yawa a cikinta.

Masu cewa a kawo kuɗi za su samo gurbi, a guje su. Gurbin da bai fito a CAPS ba, JAMB ba ta san da shi ba, kuma matsalarsa takan fito ne a ƙarshe, lokacin tafiya hidimar ƙasa, bayan an kashe shekaru da dukiya.

Saura tambayar da ta fi wuya a cikin gida: a sake zama ko a karɓi abin da aka samu? Yaro mai shekara 16 ko 17 da ya ci 250 a zaman farko, kuma ya san darasin da ya ja shi ƙasa, shekara ɗaya ta shiri na gaske tana iya kai shi inda yake so, musamman idan ya gyara WAEC ɗinsa a lokaci guda. Takardar JAMB tana nuna makin kowane darasi daban, don haka a duba a ga ko Fizis ce ta tsaya a 48 ko Turanci ne, a sa ƙarfi a nan. Wanda kuwa ya zauna sau uku makinsa yana yawo tsakanin 220 da 240, ya dace a zauna da shi a yi magana ta gaskiya cikin mutunci. Harhaɗa magunguna, aikin jinya, likitan haƙori, ɗaukar hoton asibiti, gashin ƙashi da gwaje-gwajen jini duk ayyuka ne masu lasisi da hukumomin da ke kula da su, asibitocinmu suna ƙishirwarsu. Sai dai a sani cewa jinya da harhaɗa magunguna su ma yanzu layinsu ya kusa kamo na likitanci a manyan jami'o'i, don haka mai sauya zaɓi ya yi shi da wuri a shafin JAMB, kafin jami'ar ta rufe fom ɗin tantancewarta.